Faten Wake ta Kan Katanga

A gidanmu na Birnin Tsaba mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Mu Fulanin gida ne. Fulatanci ya ɓace mana tun zamanin kakanni, shanun ma sun ƙare, amma kunya kam mun riƙe ta da hannu biyu. Ni kuwa ko a cikin 'yan gidanmu an san ni da ita. Yabona ake yi a kanta, ni kuma yabon yana yi mini daɗi.

A ƙauye wannan al'ada ba ta cutar da kowa, domin ɗan fari yana da mai shi, wato kaka. Da na yaye yaron nan, uwar mijina ta zo ta goya shi ta tafi da shi Katuru, can wajen Shinkafi, ta mai da shi mijinta na wasa. Ita ke dama masa fura da nono mai kauri, ta ɗora shi a cinya, ta riƙa ba shi da ludayi tana yi masa kirari. Bai san a ci loma ba sai an lallashe shi. Ni kuma ina Ƙauran Namoda tare da mijina, wanda yake cikin masu gyaran layin dogo, hankalina kwance. Duk wanda ya zo daga Katuru sai ya ce yaro ya yi ɓul-ɓul, ni kuwa in yi kamar ban ji ba, in shiga ɗaki in yi murmushina ni kaɗai.

Wajen shekarun da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira tsohuwar ta rasu. Aka ɗoro mana yaron a motar 'yan kasuwar Shinkafi, da 'yan rigunansa ƙulle a tsohon zanenta. Yana da kamar shekara huɗu. Ya ji ƙannena da suka zo gaisuwa suna ce mini Yaya, shi ma ya kama, har yau kuma haka yake kirana.

Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, mun kwaso kunya mun kawo ta Ƙaura, amma kakar tana kabari a Katuru.

Gidan haya muke kusa da tasha, mu da yayan mijina da matarsa, faccalata ke nan, mace mai barkwanci da 'ya'ya maza huɗu, kowanne kamar an ɗaure shi da igiya an sake. Yaran gida a kwano ɗaya suke ci, haka muka taso. Ana sauke tuwon dawa da zafinsa, a kwarara miyar kuka, a ajiye a tsakar gida. Waɗannan huɗun hannuwansu sun saba da wuta, kafin ka ce kwabo sun kai gindin kwano. Yaron nan kuwa sai ya tsuguna a gefe yana hura yatsa, yana jiran tuwo ya huce, yana waige ko wani zai ce masa ci mana. Kafin ya kai loma biyu an fara lasar kwano. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to a gidanmu har mai daɗin ma bai bari ba.

Ina ganin duk wannan. Daga bakin murhu nake gani, ta wutsiyar ido, da 'yata mai bi masa a cinya. Ita ba kunya tsakanina da ita, don haka duk son da na hana yayanta sai na juye mata. Madarar gwangwani da sukari, burodi, alewa, duk abin da uban ya shigo da shi bakinta yake fara zuwa. Ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace, ta kusa shekara biyu tana rarrafe don ƙafafun sun kasa ɗaukarta. Mata suna ta sa albarka, suna cewa na iya kiwo.

Da bazara baƙon dauro ya shigo unguwa ya kwantar da yaran gidan. 'Ya'yan faccalata suka tashi suka kakkaɓe kamar ba a yi ba. Shi kuwa ya tashi, amma bai dawo ba. Bakinsa ya yi miki, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wandonsa ya riƙa zamewa. Uban ma ɗan kunya ne, ba ya tambaya kai tsaye. Sai ya tsaya yana wanke ƙafa, ya ce wa buta: "Yaron ga na cin tuwo kuwa?" Ni kuma in ce wa tukunya: "Ana dai ba su." Ya kawo rubutu daga wurin malam, ya kawo maganin tsutsar ciki daga kasuwa. Wani lokaci ya sayo tsire ya miƙa wa yara gaba ɗaya, don kada a ce ɗansa ya saya wa, huɗun nan su yi masa rubdugu.

Wata rana da la'asar na ga tsakar gida ba kowa. Na ɗebi tuwo mai laushi a ɗan ƙoƙo, na sa man shanu, na yafito shi da hannu. Ya zo yana ɗari-ɗari ya zauna a bakin tabarma. Na gutsuro loma na hura. Ya buɗe baki, yadda ya saba yi wa kakarsa. Daidai nan faccalata ta fito daga bayan ɗaki da autanta a hannu.

"Lale! Yau mi za mu gani? Ɗiyar Birnin Tsaba da ɗan hwari bisa tabarma guda! To ki goya shi mana, mu yi maki guɗa."

Wasa take yi, na san wasa take yi, ba ta da mugunta ko ta anini. Amma sai na ji kamar an kama ni da kayan sata. Na tura ƙoƙon gaban autanta na ce: "Na wanga na. Wancan zuwa yay yi yaz zauna."

Bakin yaron nan yana buɗe har lokacin. Ya dube ni, ya rufe shi a hankali, ya tashi ya koma gindin dalbejiyar da ke bakin rijiya. Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da na fi samun sauƙi. Na yi abubuwa da yawa a rayuwata da nake neman gafara a kansu, amma wannan lomar ita ce ba ta taɓa wuce mini a maƙogwaro ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata Kirista 'yar wajen Jos, matar mai zuba wa jirgin ƙasa gawayi. Ta girme ni sosai, yaran unguwa duk Mama suke ce mata, mu ma muka bi. Ita kuma Amarya take ce mini. Muna ciyayya, in na yi abin marmari in miƙa mata, in ta yi ta miƙo mini, ta wani wuri da ruwan sama ya cinye kan katangar. In na taka turmi muna ganin juna har kafaɗa. Wata safiya ina karɓar kwano daga hannunta sai ta nuna gindin dalbejiya da haɓa.

"Amarya, wancan yaron, uwarsa ta mutu ne?"

Na ce: "Ɗan gidan ga na."

"Na san ɗan gidan ne. Ina uwarsa?"

Na kafa wa murfin kwano ido. Ta dubi fuskata, ta dubi tasa, ta sake duban tawa. Goshinmu ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane.

"Yesu! Naki ne? Wannan kin cika ta kamar buhun gyaɗa, wancan kin bar shi kamar karan dawa. Wace irin kunya ce wannan, Amarya? Kunya za ki binne ko yaro?"

Na sauka daga kan turmi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, me wannan ta sani game da mu, ita da take sumbatar 'ya'yanta a bakin titi? Na daina leƙa katanga. Fushin bai yi nisa ba. Ina tankaɗe na ga yaron nan zai shiga ɗaki, ya zo dokin ƙofa, ɗan tudun da kaza ma take tsallakewa, sai da ya dafa da hannu biyu kamar tsoho kafin ya hau. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ranar na san in aka ci gaba a haka, yaron nan ba zai ga kaka ba, kakarsa zai bi.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni kuwa ko a ranar wankan sai da na nemi hanyar ɓoye nawa. Na taka turmi na kira Mama a hankali na faɗa mata dabarar da na ƙulla. Zan riƙa dafa abinci in miƙa mata a matsayin ciyayya, ba wanda zai ga laifin wannan. Ita kuma ta kira yaron gidanta ta ba shi. Sai ta tambaye ni:

"Ke da kanki ba za ki iya ba?"

"Ba ni iyawa, Mama."

Ta yi tsaki, ta ce in kawo. Amma ta gindaya mini sharaɗi biyu. Abincin ya zama mai laushi kuma kaɗan-kaɗan, domin cikinsa ya tsuke, in aka cika masa zai amayar. Sannan in raba 'yar lukutar da alewa da madarar sukari, in ba ta irin abin da zan dafa wa yayanta. Ta ce ciwo ɗaya ne yake damun su biyun, hannuna ne bai san awo ba.

Faten wake na zaɓa, irin wanda kakata take yi wa mai jinya. In jiƙa wake in surfe shi in wanke ƙaiƙayin tas, in dafa har ya narke. In daka ƙuli-ƙuli in zuba, in murje busasshen kifi in tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya, in sa zogale da ɗan manja. Da damina ta sauka Fulani suka fara kawo ƙwan zabi, sai in dafa ɗaya in marmashe shi a ciki yadda ba mai gani, don a wurinmu cewa ake yi yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Na ce ya rayu tukuna, in ya so a yi maganin satar daga baya. Da hantsi in miƙa, da la'asar in miƙa. Faccalata ta ce: "Wagga ciyayya taku ba ta hutu?" Amma da yake kwanon yana dawowa da gwaten acca ko dafaffiyar doya, 'ya'yanta kuma su ke cinyewa, ba ta ƙara magana ba.

Da na miƙa sai in jawo kujera gindin katanga in zauna kamar ina tsince shinkafa, ina saurare. Mama ba ta ɗure, ba ta tsawa. Ta ba shi ɗan kwanonsa shi kaɗai da cokali, ta zauna a gabansa har ya gama, ko da tukunyarta tana ƙonewa. Kowane cokali sai ta ba shi mai shi. "Wannan na kaka ne. Wannan na Baba ne. Wannan na direban jirgi ne." Ina jin ƙarar cokali a jikin kwano ina jin kamar a cikina abincin yake sauka. Wata rana na ji ta ce:

"Wannan na Yayarka ne. Buɗe."

Sai na ji 'yar muryarsa: "Yaya ba ta ba ni. Ƙanwata taka ba."

Mama ta ɗaga murya, ba don shi ba: "To, masu kunne sun ji."

Na ji. Hawayena suka zuba a cikin shinkafar da nake riya tsincewa. Da yamma ta ce mini ita fa za ta faɗa masa gaskiya, yaro ya san uwarsa ce take dafa masa. Na roƙe ta don girman Allah kada ta yi. Na ce bakin yaro ba ya riƙe magana, gobe duk gida za a ji, har Birnin Tsaba sai labari ya kai. Dalilin da na ba ta ke nan. Ta yi mini alkawari, ta cika shi kuwa, ban sani ba ko in gode mata a kan haka.

Kafin a yanke gero yaron ya fara dawowa. Gashi ya yi baƙi, kumatu suka fito, wata rana har na ji shi yana kokawa da autan faccalata a kan ƙanzo. Ƙanwarsa ta sha kukan alewa na 'yan kwanaki, ta haƙura, ta saɓe, ta tashi da ƙafarta. Uban ya dubi buta ya ce: "Rubutun malam ya yi aiki." Na ce wa tukunya: "Ya yi." A unguwa kuwa kowa yana cewa Allah ya saka wa Mama, ta tashi yaron mutane. Ciyayyar ba ta tsaya ba ko da ya warke, don ya riga ya saba. Daga makaranta gidanta yake fara shiga. Ita yake nuna wa littafinsa in an ba shi maki, ita yake kai wa ƙara in an doke shi.

Yana aji uku aka yi wa mijin Mama canjin wurin aiki. Muka raka su tasha. Yaron nan ya riƙe zanenta yana ihu sai da uban ya ɓamɓare shi. Ita kuma ta leƙo ta tagar jirgi ta ce mini: "Amarya, saura ke." Kowa ya ɗauka sallama ce kawai.

Ya daina cin abinci. Na ce to, ai abin a hannuna yake. Na jiƙa wake na surfe, na yi fate yadda na saba, ban rage komai ba, har ƙwan. Na zuba a ɗan kwanon da Mama ta bar masa, na ajiye a gabansa a gindin dalbejiya, na juya na shige ɗaki ina leƙensa ta labule. Ya ɗanɗana sau ɗaya ya ture.

"Ba irin na Mama na ba."

Na so in yi dariya, na so in fito in make shi, na so in ce kai wawa, wa kake tsammani yake tsince maka ƙayar kifi shekara da shekaru? Ban yi ko ɗaya ba. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa. Tukunya ɗaya ce, hannu ɗaya ne, amma na Mama da mutum a zaune a gabansa ake ci. Yunwa ce ta mai da shi kwanon yara, lokacin kuma hannunsa ya yi ƙwari, ya iya ƙwatar rabonsa.

Ya girma ya zama malamin makaranta a Zurmi. Yaro ne mai biyayya, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa zuwa hannu sake ba. Amma in ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake tsugunawa, in aka kawo masa abinci ya ɗauka ya fita zaure. In hira ta biyo ta kan ƙuruciya sai ya ce wa mutane, ba don wata Kirista a Ƙaura ba da tuni an manta da shi. Ina zaune yake faɗa, ni kuma in ce haka ne.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ya kawo mini ɗansa na fari yaye. A kafaɗa ya shigo da shi, yana kiran sunansa gatsal a gaban kowa, ko a jikinsa. Na ce 'yan zamani ba ku da ta ido. Ya yi dariya ya ce uwar yaron ta gaji, ba ya cin komai sai biskit da lemon kwalba, ga shi nan duk ya bushe. Na ce a bar mini mijina, ni na san maganinsa.

Bayan mako ya dawo dubawa. Ya same mu a kan tabarma da hantsi, angon nawa a cinyata, da ɗan kwanon fate a gabanmu. Ya tsuguna a bakin ƙofa yadda ya saba. Ƙamshin ya kai masa, sai ya miƙo hannu ya lakaci gefen kwanon ya kai baki. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, wa ya koya maki haten Mama?"

Ga ƙofa a buɗe. Mama ta yi nisa, ban ma san ko tana raye ba. Faccalata ta rasu, uban ya rasu, ba sauran wanda zai yi mini guɗa. Ni da shi ne kawai sai yaron da bai iya magana ba. Na buɗe baki, sai na ji na ce:

"Ita ta koya mani."

Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya saka mata da alheri. Na ce amin. Na ɗebo cokali na hura na ce wa jikana: "Wanga na direban jirgi na." Ya karɓa. "Wanga na babanka na. Buɗe." Ya buɗe, na sa masa, na share masa haɓa da yatsa. Uban yana kallonmu, ya tallafe kumatu, gemunsa har ya fara cika. Sai ya yi 'yar dariya, ba da wata manufa ba, ya ce:

"Yaya, ashe kin iya ba yaro abinci ga baki."

Cokalin yana hannuna a cike. Tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu ba. Na ce masa ya matsa daga bakin ƙofa, yana tare mana iska.

Ya matsa.